Geron Inna Da Tayoyin Motata

Daga gida

Muna idar da sallar asuba na tayar da mota a ƙauyenmu, bayan Minjibir. Inna, mahaifiyata, zan kai wajen yayarta, Iya Lami, a wani ƙauye tsakanin Tofa da Rimin Gado. Iya Lami tana kwance tun damina, ita kuwa Inna ciwon ƙugu ya hana ta shiga mota, rami ɗaya ya isa ya sa ta salati da ƙarfi.

Saboda wannan tafiya na sauya wa motar ƙafafu. Wanda ya sayar min da ita ɗan gayu ne, ya sa mata manyan wili da siraran tayoyi, ko tsakuwa ka taka sai ka ji ta a haƙoranka. Na yi musayarsu da ƙananan wili da tayoyi masu kauri, 'yan Kwatano, don sababbi a shekarun nan sai kallo. Da aka ɗaura sai muka ga suna gogar shoka, aka sa musu sifesa, wato faifan ƙarfe da ke ɗan turo taya waje. Na sa aka rage iska, na gwada ta a kan burji ni kaɗai, na dawo ina ta yabon kaina.

Abin da na manta shi ne, tun da mai ya yi tsada, mota ba ta fita daga ƙauyenmu fayau. Ina fitowa daga masallaci na tarar an cika but ɗin motar da buhunan gero, an ɗora wake da kuka a kujerar baya.

"Inna, wannan fa?"

"Hannu zan kai mata? Ja mu tafi, Nafi'u."

Minjibir

Ba mu yi nisa ba bayan motar ya zauna. Kowane rami sai in ji ƙuuu, taya tana cin bakin madigad, ƙarfen da ya lulluɓe ta ta sama, don sifesan da nake taƙama da shi ya turo ta daidai wurin. Da kyar muka lallaɓa zuwa bakin tasha, wajen Malam Sani mai faci, tsohon abokina. Ya ɗan lanƙwasa bakin madigad ɗin da guduma, sannan ya dafa tayar baya, ya janye hannu.

"Malam Nafi'u, ta yi zafi. Da wannan kaya da wannan iska ba za ta kai Kano ba. Ko ku sauke buhunan in ajiye muku, ko in ba ta iska ta yi tauri."

Na ce a sauke. Ai don ƙugun Inna na yi duk wannan wahala.

Inna ta sauke gilashi. "Yaro, ba ta iska."

"Inna, za ki ji jiki fa."

"Na sani. Gonarsu ba ta yi ba bana. Surukarta ta aiko min a ɓoye, sau ɗaya suke ɗora tukunya a rana. Lami ba za ta taɓa faɗa ba."

Ni ina ta lissafin taya, ita tana lissafin tukunyar gidan yayarta. Malam Sani ya cika tayoyin baya, na mayar da Inna kujerar gaba, na tokare mata baya da filo. Na miƙa masa kuɗin aiki ya ce in saya mata ayaba.

Kano zuwa Tofa

Kwaltar cikin gari da sauƙi. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo, ya ga tsohuwa, ya ce, "Mama, sannu, Allah ya ƙara sauƙi," ya ɗaga mana hannu. Da muka bar hanyar Gwarzo muka hau burji, nan gargada ta fara. Ina tafiya a giya ɗaya, masu keke suna wuce mu. Inna ba ta yi ko tari ba, sai dai na ga yadda ta damƙe carbinta, gumi yana bin wuyanta.

"In tsaya ki huta?"

"Kai dai tuƙa. Ka cika surutu kamar ubanka."

Gidan Iya Lami

Mun isa kafin azahar. Mata biyu suka riƙo Inna zuwa ɗaki. Iya Lami ta rame ƙwarai, amma tana ganinta ta ce, "Ke Habi, ashe tsufa ya kama ki haka?" Suka yi dariya, dariyar ta koma kuka, na fice na ba su wuri. Kafin la'asar na ji turmi yana aiki a tsakar gida, har maƙwabta suna leƙowa. Iya Lami ta sha kunun sabon geron, Inna tana riƙe mata ludayi.

Komawa

Washegari da hantsi muka kamo hanya, mota fayau. A Tofa na sa aka rage iskar. Sai a lokacin tayoyin nan suka nuna abin da na saye su dominsa, rami ya zo ya wuce ba ka ji ba. Na juya in yi wa Inna fariya, na tarar ta yi barci, carbi a cinya. Rabonta da barci mai nauyi irin wannan tun farkon ciwon.

Har muka iso ƙofar gida ba ta motsa ba. Na san ina kashe mota za ta farka. Allurar mai tana daf da ja, na dube ta, na dubi Inna, na bar injin yana aiki.

Alhamdulillahi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Malam Sani, Allah ya saka da alheri.