Ranar da Ɗan Bature Ya Ce Goyo

Shekara biyu kafin a sauke tutar Turawa, daminar da ruwa ya cinye gadar rafinmu, a lokacin ne Mama ta samu aikin raino a gidan wani Baturen kuza a Bukuru. Ina da shekara takwas ko tara, ƙanena Ishaku ko yaye shi ba a yi ba. Da sassafe za ta ɗora min shi a baya, ta ɗaure zanen da kanta, ta ce, "Ki riƙa tafiya, in kin tsaya zai farka." Haka nake ɗebo ruwa, in tsinto itace, har gaɗa da shi nake yi.

Jikata Rahila ce ta tono min wannan. Tun da na zo wurinsu nan ƙasar waje, a Glenwood, take karanta min wani littafin labari kan baƙaƙen matan ƙasar nan da suka yi aikatau a gidajen farare, tana juya min da gurguwar Hausarta. Ni ban yi boko ba, amma abin da ya shiga kunnena ya zauna. Na ce mata mai littafin ta yi ƙoƙari, har kofin da ake ware musu ta gani, sai dai ta daɗe a kicin ɗin farare. Da ta bi matan gida, da ta ga wa ke riƙe da nasu 'ya'yan.

To, a gidan Baturen nan, matarsa Madam ta hana a goya ɗanta, wai ƙafafunsa za su gwame, sai dai a tura shi a keken jarirai. Yaron kuwa ba ya barci a keke. Madam na fita, Mama za ta goya shi. Ran nan ana shan shayi da baƙi, yaro ya kama zanen Mama ya ce, "Goyo." Maganarsa ta farko ke nan a duniya. Madam ta tambayi kuku ma'anarta, shi kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya ce ai sunan wani tsuntsu ne. Sai ga yaro ya zagaya bayan Mama yana neman hawa. Ranar aka sallame ta.

Ta dawo gida da rana tsaka, ta miƙa hannu ta karɓi Ishaku. Ya ƙi. Ya ƙanƙame wuyana yana tsala kuka. Korar ba ta sa ta hawaye ba, sai a nan.

Yanzu in na ga mata da safe a bas da rigar aiki, sai in ce ko a bayan wa suka bar nasu. Kuku ya rasu, Mama ta rasu, ɗan Baturen ban san inda ya ƙare ba. Saura ni da Ishaku. Da furfurarsa da jikokinsa, in ya bugo waya, har yau Mama yake ce min.