Rafali Ya Nemi Likitan Zuciya

Babu wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya a unguwar. Rafali ake ce masa, domin ya shafe ƙuruciyarsa yana hura usur a filin ƙwallon makarantar da yake aikin ajiyar kaya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kuwa ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Da gwiwa ta hana shi gudu, sai ya koma yi wa talabijin alƙalanci daga kan kujerar falo.

A nan abin ya same shi. Yana tsaka da daka wa wani mai tsaron gida tsawa, ya ji zuciyarsa ta yi tsalle, ta tsaya, ta sake kwasa da gudu. Ya zauna ya yi tsit. Matarsa ba ta taɓa jin falon shiru ana wasa ba, don haka ta ɗauko jakarta ba tare da ta tambaye shi komai ba.

Likitan asibitin unguwa ya saurari ƙirjin, ya ce sai likitan zuciya. Rafali bai damu ba. Yana da katin inshorar lafiya na gwamnati, wanda ake yankar masa kuɗinsa a albashi tun yana da gashi a ka, kuma bai taɓa morar sa ba.

Asibitin farko ƙofar gilashi gare shi, ga sanyi, ga kifaye suna yawo a tanki. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta kawo musu ruwan sanyi. Rafali ya zaro kati ya ɗaga shi sama, yadda hannunsa ya saba.

"Ayya, Baba, ba ma karɓar wannan," in ji ta.

"Gwamnati fa ta ba ni."

"Na sani, Baba. Shi ya sa."

Ya shanye ruwan tas kafin ya tashi, ya ce matarsa ma ta shanye nata.

Na biyu suna karɓar katin, sai dai ba su da likitan zuciya. Akwai na haƙori, kuma ranar babu layi, in yana so. Na gaba kuwa ga likitan zuciya, ga sanarwar karɓar kati a bango. Rafali har ya fara cire hula, sai aka ce masa asibitin ne ke karɓa, likitan ba ya karɓa. Ya sa aka maimaita masa. Ya fara bayani da muryar fili, masu jira suna waiwaye, har zuciyar ta sake tsallen nan, matar ta ja shi waje da hannun riga.

Ya kira ofishin inshora, suka sa masa kiɗa ya jira. Ya yi ta kira, kiɗan ya yi ta zuwa, har matar ta haddace shi tana rerawa a kicin.

Ita ce ta samo bakin zaren, a wurin gyaran gashi. Wata mata ta ce akwai likita a wani tsohon bene kusa da tasha, can take kai mijinta da irin wannan katin. Rafali ya ce zancen mata ne, amma ya sa takalmi. A mota ya shirya jawabin da zai yi musu in sun ƙi, yana gwada shi ƙasa-ƙasa, har da nuna yatsa.

Ofishin likitar yana hawa na ƙarshe, na'urar hawa kuma ta lalace. Matarsa ta ari kujerar roba wurin maigadi ta biyo shi da ita.

"Mayar masa da abarsa," in ji Rafali. "Ni da na kori samari a fili."

A hawa na biyu ya ce bari ya gwada ko kujerar tana da ƙwari. Daga nan kowane hawa sai ya sake gwadawa.

Ya isa yana haki, ya dangwara katin gaban magatakarda, ya cika ƙirji da iska. Mutumin ya duba, ya buga hatimi, ya ce, "Zauna can, Baba, za a kira ka."

"Ka duba da kyau kuwa? Na gwamnati ne."

"Na gani."

Rafali ya zauna da jawabinsa a ciki, ransa a ɗan ɓace.

Likitar siririyar mace ce mai magana a hankali, sai da ya miƙa wuya kafin ya ji ta. Aka aske masa gashin ƙirji, aka manna wayoyi, ya kwanta yana kallon silin kamar an kama shi da laifi. Ta ce bugun ne ba ya tafiya daidai, magani zai riƙe shi, amma a rage gishiri.

"Kana yawan ɗaga murya, Baba?"

"Ni? Ko kaɗan."

Matarsa ta yi tari. Likitar ta dube ta, ta rubuta wani abu.

Yanzu yana shan maganinsa, ƙirjin ya lafa. Duk wanda zuciya ta dama a unguwar, wurinsa ake turo shi, shi kuma ya ba da labarin yadda ya binciko likitar da kansa. Yakan raka mutum har gindin benen, ya nuna masa sama da yatsa, sannan ya zauna wurin maigadi ya jira saukowarsa.