Mai Awara da Tsattsewa

Shigeharu Nagasako bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Mahaifiyarsa takan ce ko a goye yake sai ya yi ta shure-shure kamar mai tuƙa keke. Da ya tasa, burinsa ya shiga jirgin ruwa ya ga inda kogin garinsu Tsuganose yake ƙarewa da abin da ke bayan nan, amma shekarar da ya gama sakandare ciwo ya kwantar da mahaifinsa, shagon awara na gidan ya faɗo kansa. Haka ya shiga, bai fito ba sai da furfura ta game masa kai.

Aikin ya dace da shi, ko da yake bai taɓa yarda ya faɗi haka ba. Awara ba ta barin mutum ya zauna. Ga jiƙon wake, ga niƙa, ga tukunya tana neman yin bori, ga yanka cikin ruwan da ke sa yatsu su sandare. Rana na ɗagawa sai ya loda a 'yar motarsa ya bi ƙauyukan kan tudu yana busa ƙaho, tsofaffin mata suna fitowa da kwanukansu. Duk zafin jikinsa a nan yake ƙarewa, ya dawo gida ya ci abinci ya faɗi ya yi barci.

Sai bayansa ya ƙi. Likita ya ce ko dai ya daina ɗaga tukwane, ko kuwa wata rana shi za a ɗaga. 'Yarsu tilo, Chizuru, tana aure a Hiroshima, babu mai gadon sana'a. Ya sauke ƙyauren shago, ya cire ƙyallen sunan gidan daga bakin ƙofa, ya ninke ya ajiye.

Daga ranar matarsa Tomoe ta rasa sakat. Da asuba ya farka kamar yadda ya saba, ya yi ta zagaye gida yana neman abin da ya lalace, in bai samu ba ya kwance mai kyau ya sake ɗaurawa. Ya gwada kamun kifi, amma kafin kifi ya gama shawara ya janye ƙugiya ya sauya wuri. Wani maƙwabci ya ba shi 'yar bishiyar tukunya da ya daɗe yana reno, Shigeharu ya yi ta datsa ta har ta koma tsinke.

“Baban Chizuru, zauna mana, kana sa ni jiri,” in ji Tomoe wata safiya suna shan shayi.

“Ai a zaune nake.”

“Jikinka ne a zaune. Ƙafarka kuwa ta kusa Osaka.”

Ita ta kai ƙararsa wurin 'yarsu ta waya. Ba a jima ba sai ga kwali daga Hiroshima, a ciki kyamara ce baƙa mai nauyi da doguwar igiyar rataya. Shigeharu ya juya ta, ya ce shi ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Kafin la'asar ya ɗauki hoton duk abin da ke gidan, har da tukunyar shinkafa.

Garin yana da ƙungiyar masu ɗaukar hoto don sha'awa, tsofaffi ne kusan dukansu, suna haɗuwa a zauren taro da ke bayan gidan waya. Shugabansu Malam Kajitani, tsohon malamin kimiyya, mutum mai sanyin magana wanda zai iya wuni gaban dutse guda yana jiran haske ya faɗo kan gansakuka yadda yake so. Akwai kuma Utako, tsohuwar mai gyaran gashi, wadda ta girme wa Shigeharu kuma ta yi shekara da shekaru tana sayen awara a wurinsa tana kushe ta.

Ranar da aka fara haska hotunansa a bango, kowa ya ƙura ido. Gada ta karkace, kogi ya yi dishi-dishi, kare ya fito da kai biyu.

“Mai Awara,” in ji Utako, “ranar girgizar ƙasa ka ɗauki waɗannan? Mu dai ba mu ji ta ba.”

“Kyamarar ce, Yaya Utako.”

“Haka kake cewa waken ne, duk ranar da awara ta yi ruwa.”

Malam Kajitani bai yi dariya ba. Ya karɓi kyamarar, ya ce ido ce kamar na mutum, tana buɗewa tana ƙiftawa. In ƙiftawar ta yi jinkiri, duk motsin hannunka sai ya shiga hoton. Ya nuna masa inda ake ƙara mata sauri, da yadda saurin yake rage haske, har sai an ƙara buɗe idon. Sannan ya tsayar da shi, ya matse masa gwiwoyin hannu a haƙarƙari.

“Saki rabin numfashinka. Kada ka soki maɓallin. Taɓa shi yadda kake taɓa awara ka ji ko ta kama.”

Wannan ya shige shi. Cikin 'yan watanni hotunansa suka tsaya cak, gada ta miƙe, kare ya koma kai ɗaya. Ya koyi cewa hasken tsakar rana mugu ne, na safe da na yamma su ne masu kunya. Ya koyi kusantar abu maimakon tsayawa nesa. Amma abin bai kwantar masa da rai ba. Ya bi Malam Kajitani kan tudu jiran hazo ya taso daga kogi, suka kafa kyamarori a kan sandunansu masu ƙafa uku, suka zauna. Da zaman ya ishi Shigeharu ya ce bari ya duba ko can gaba ya fi. Kafin ya dawo hazon ya zo, ya lulluɓe gari, rana ta keto shi, ya watse. Malam yana naɗe kayansa.

“Ya yi kyau?”

“Ya yi,” in ji Malam.

A bazarar da ta biyo ne ya lura da tsattsewa. Kullum suna sheƙa a ƙarƙashin rufin shagonsa, mahaifinsa ma yakan ce alamar ciniki ce, amma bai taɓa samun sukunin ɗaga kai ya dube su ba. Yanzu ya ga yadda suke tsaga iska a kan gonakin shinkafa, su taɓa ruwa da ƙirji, su juya kafin ido ya kai. Ya yi ta bin su a kan kunyoyin gona daga safe har yamma, yana dannawa kamar mai harbin sauro. Abin da ya kawo gida sararin sama ne zalla, wani lokaci da ɗan guntun wutsiya a gefe.

Malam Kajitani ya duba, ya ce, “Kana jiran tsuntsu ya shigo kyamara. Ba zai shigo ba. Kai za ka bi shi. Kafa ƙafa, ka juya daga ƙugu, ka tafi tare da shi, ka danna kana cikin juyawa, kuma kada ka tsaya bayan ka danna. Ni ban taɓa iyawa ba, na san dai yadda ake yi.”

Bai kai ga gwanancewa ba kaka ta shigo, tsattsewa suka taru a kan wayoyin lantarki, wata safiya aka wayi gari babu ko ɗaya. Shigeharu ya tsaya gaban sheƙar da babu kowa kamar wanda jirgi ya bari a tasha.

Duk lokacin sanyi ya yi shi yana gwaji a kan duk abin da ke motsi. Ya bi jirgin ƙasan nan mai tarago ɗaya, ya bi babur ɗin mai raba wasiƙu har mutumin ya fara sauya hanya. Daga ƙarshe ya juyo kan matarsa.

“Tomoe, ɗan hau kekenki ki wuce ta gaban shago.”

“In je ina?”

“Ba ko'ina. Ki wuce kawai, ki juyo.”

Ta wuce, ta juyo. Ya ce ta yi sanyi, ta ƙara sauri. Ta ƙara. Ya ce bai shirya ba. Iska tana yankan kunne, ga miya a kan wuta. A wucewar da ta yi ta ƙarshe ta waigo ta ce masa, “Ni ba tsuntsuwa ba ce, tsohon banza,” ta miƙe hanya ta tafi gidan ƙawarta, ba ta dawo ba sai da ya ci shinkafa gaya.

Wannan hoton Malam Kajitani ya zaɓa da ƙungiya za ta baje kolinta a ɗakin jira na tasha. Gidaje da bishiyoyi sun zama zane-zane a bayanta kamar ruwa mai gudu, gyalen wuyanta yana tashi, fuskarta kuwa ta fito tar, baki a buɗe, ido a kansa. Shigeharu ya ce ai gwaji ne kawai, ba hoto ba ne. Tomoe ta ce in aka rataye ta a tasha tana zagi, Hiroshima za ta koma. Aka rataye. Utako ce ta ba da labarin cewa ta ga Tomoe ranar Talata ita kaɗai a ɗakin jiran, ta daɗe a tsaye, har ta ɗan gyara zaman hoton a bango.

Tsattsewa suka dawo, suka sake tafiya, bai samu abin da yake nema ba. A wannan kakar ne tari ya kama Malam Kajitani, ya daina zuwa taro. Wata rana ya aika a kira Shigeharu. Ya same shi zaune a ɗaki da bargo a kafaɗa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

“Hoto nake so ka ɗauke ni,” in ji Malam. “Wanda za a ɗora a gaba ranar makokina.”

Shigeharu ya ce, “Malam, wace irin magana ce wannan? Kuma in ma za a yi, ga Yaya Utako, ga sauran da suka fi ni hannu.”

“Su za su ce in zauna in gyara wuya. Na gaji da zama. Ɗauko kyamararka.”

Ya ɗauko. Hasken ɗakin bai yi masa ba, ya fito da Malam baranda. Nan ma inuwar rufi ta raba fuskar biyu, ya kama shi suka sauka lambu a hankali, ya zaunar da shi kan dutse. Ya je dama, ya dawo hagu, ya durƙusa, ya miƙe, ya kawar da tukunyar fure, ya mayar da ita. Yana ja da baya ya taka takalmin katako da aka bari a hanya, ya yi tangal-tangal ya rungumi bishiya. Malam, wanda yake ta bin sa da ido, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Yatsan Shigeharu ya danna da kansa.

Da ya wanke hoton ya ga ido ya fito, dariya ta fito, amma wani reshe ya tsiro daga bayan kunnen Malam kamar ƙaho. Ya kwana biyu abin yana cin sa. Ya wanke wani farin faranti na zuba awara don ya mayar da haske kan fuska, ya koma gidan zai sake ɗauka. Matar Malam ta tare shi a ƙofa ta ce an wuce da shi asibitin birni da safe. Bai dawo ba.

Ranar makoki hoton yana tsakiyar fararen furanni, hayaƙin turare yana ratsa gabansa. Mutane suna ta cewa ba su taɓa ganin Malam yana dariya haka ba, tsofaffin ɗalibansa har da hawaye. Shigeharu yana durƙushe a sahu, gwiwarsa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, shi ba abin da yake gani sai reshen. Tomoe ta ɗora hannu a kan gwiwar ta danne, ba ta ɗauke ba har aka gama addu'a.

'Yan ƙungiya suka so ya karɓi shugabanci, ya ƙi. Ya ce wanda ba ya iya zama har a gama taro ba ya shugabantar taro. Utako ta karɓa, ta ce dama ladabi ne ya sa aka fara tambayarsa.

Sai a bazara ta uku ya sami tsuntsunsa. An cika gonaki da ruwa ba a dasa ba tukuna, sama tana kwance a cikinsu. Wata tsattsewa ta sauko ta dama, ƙugunsa ya tafi tare da ita tun kafin ya yi tunani, ya danna, ya ci gaba da juyawa har ya kusa faɗawa cikin laka. Ta fito ƙirji a kan ruwa, baki a buɗe, jan maƙogwaronta tar, inuwarta a ƙarƙashinta tana bin ta.

Aka haska a bangon zaure. Utako ta cire tabarau ta goge ta mayar.

“To, Mai Awara. Yau kam ta kama.”

“Bakin fiffiken hagu ya fita daga hoton,” in ji shi.

“Wa ya gani in ba kai ba?”

Shi dai taga yake dubawa. Gajimare ya fara yayewa, kuma in rana ta faɗo kan ruwa bayan yayyafi ƙwari sukan tashi ƙasa-ƙasa, tsattsewa su biyo su. Ya rataya kyamara, ya ce a yi masa uzuri, ya bar shayinsa da zafinsa a kan tebur.