Tsohuwar Katkat ta Takieta

Ban taɓa mallakar mota ba sai da furfura ta fara fito mini a gemu. Babur nake da shi. Shi nake hawa daga gidanmu a unguwar Birni ta Zinder zuwa kwalejin da nake koyarwa, shi kuma nake hawa in za ni ƙauyenmu a ƙasar Hamdara in gaida Inna. Duk wanda ya san hanyar ya san rairayinta. Babur yakan nutse har sai na sauka na tura, in shiga gari ina haki, mutane suna yi mini sannu daga gindin itatuwa. Abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Waɗanda muka yi kiwo tare muna yara, wasunsu sun tafi fatauci sun dawo da motoci, ni da ake cewa na yi karatu ina tura babur.

Wani abokin aikina ne ya ce ya ga wata tsohuwar katkat a Takieta, irin motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, an ajiye ta a ƙofar gidan wani Alhaji mai cinikin hatsi. Ranar da babu aiki na tafi na gan ta. Tayoyinta sun kwanta, farin fentinta ya koma ruwan ƙasa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Doguwa ce, a bayanta akwai benci biyu suna fuskantar juna. Ban san komai game da mota ba, amma ban so Alhajin ya gane. Na zagaya ta, na shuri taya ɗaya saboda na taɓa ganin masu saye suna yin haka. Da na zo buɗe murfin inji na rasa inda ake kamawa, sai da shi ya miƙa hannu ya buɗe mini. Na leƙa na jima, kamar mai ganin wani abu.

"Tana shan isansi da yawa?" na tambaye shi, ina nufin fetur.

"Gazuwal take sha, Malam, man manyan motoci," in ji shi, bai yi dariya ba. "Ta likita ce a da. Can aka yi gwanjonta, ta bi hannu-hannu har ta zo gare ni."

Jin haka ya ƙara mini ƙwarin gwiwa. Na ce a raina motar likita, wato ta asibiti, ai an kula da ita. Ban tambayi wace likita ba.

Wata babbar motar gero da za ta Zinder ce ta jawo ta da igiya. Na dage sai an kai ta gida matata ta gani kafin a wuce da ita gareji. Sai da muka iso na tuna abin da kowane yaro a Birni ya sani: lungunmu ko amalanke da ƙyar yake shiga. Aka kwance igiya, aka bar ta a bakin lungu, daidai inda dattawan unguwa suke shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Ɗaya daga cikinsu ya taso ya leƙa ta taga, ya ciro ƙwai ɗaya da ya tsira daga tafiyar, ya ɗaga kowa ya gani.

"Malam ya sayo akurki," ya ce. "Ga shi har ya fara cin riba."

Matata ta fito da mayafinta, ta tsaya nesa kaɗan, ta dube ta daga gaba zuwa baya. Ta ce Allah ya sanya alheri. Da muka shiga gida ta tambaye ni a hankali ko akwai ranar da za ta tashi. Na ce kafin damina. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

Makaniken da na samu a unguwar Zongo sa'ana ne, gajere, mai yawan hira, rediyonsa ba ya mutuwa. Ya faɗa mini tun farko cewa rabonsa da taɓa irin wannan inji tun yana koyon aiki, don haka tare za mu lalubo. Haka kuwa aka yi. Mun sa an kawo wani ƙarfe daga Kano, ya zo bai shiga ba. Mun haɗa akwatin giya muka tarar da ƙusa a ƙasa ba mu san daga inda ta fito ba, muka sake kwancewa. Da na tashi daga aji sai in wuce can, in tuɓe riga, in zauna kan tsohuwar taya ina wanke ƙarafuna a cikin kwanon gazuwal. Farcena ya yi baƙi, sabulu ya kasa shi. Ina rubutu a allo ina jin ɗalibai suna ƙus-ƙus, sai na koyi naɗe yatsuna a kan alli.

Amma na so aikin. Wannan gaskiya ne. Ranar da na fara gane yadda ake saka ƙafafun gaba su ja tare da na baya, na dawo gida ina yi wa matata bayani da cokali da murfin tukunya, tana sauraro tana tsince shinkafa.

Kankare fenti ni na yi da hannuna. A jikin ƙofa, ƙarƙashin farin, na tarar da wata jar alama da ta koɗe da ragowar haruffan Faransanci. Na goge su. A rufin ciki akwai ƙugiyoyi da ake rataya ruwan jinya, a ƙasa kuma, tsakanin bencin nan biyu, akwai dogayen ƙarafuna da ake tura gadon mara lafiya a kai. Na sa aka cire su duka, don ni motar iyali nake so. Muka yi mata koren fenti. Na kai kujerun wurin wani baduku a Birni ya lulluɓe su da jar fata, ya yi mata ado a gefe. A tsakanin nan na koyi tuƙi, na samu farmi, takardar izinin tuƙi.

Ranar da ta tashi, duk garejin aka taru. Muryarta mai kauri ce, tana da wani tari a tsakiya, in an sake giya kuma sai ta yi wani siririn fito kamar iska a bakin kwalba. Na tambayi makaniken ko wannan fiton matsala ce. Ya kasa kunne ya ce a ganinsa haka aka haife ta.

Bayan an gama girbi na shirya zuwa gida. Ban gaya wa kowa ba, so nake su gani kawai. Na sa sabuwar riga, na loda shinkafa da sukari da ganyen shayi a baya. Rairayin da ya saba wahalar da ni ta bi ta kansa ko gezau. Ina tafe ina tsara yadda zan fito, yadda zan rufe ƙofa ba tare da na waiwaya ba. Da na hango rumbunan garinmu na danna oda, na sake dannawa.

Matan da ke bakin rijiya suka saki igiya suka tsaya. Na ɗaga musu hannu, babu wadda ta ɗaga mini. Dattawan da ke gindin itacen masallaci suka miƙe tsaye gaba ɗaya, na ga bakin ɗaya yana motsi da salati. Na ɗauka mamaki ne. Na tsaya a ƙofar gidanmu, ban ma kashe inji ba, sai ga Inna ta fito zaure ba mayafi, tana dafa bango. Ba ta dube ni ba. Ƙofar baya ta motar take kallo. Sai ta zauna a ƙasa.

"Wa aka kawo?" ta ce.

Yayana, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya taho da gudu daga wurin rumbu. Ya dube ni, ya dubi motar, ya zura hannu ta taga ya kashe ta da kansa. Ya durƙusa wurin Inna yana ce mata babu kowa, ɗanki ne ya zo gaishe ki, lafiya ƙalau. Mata suka kama ta suka shiga da ita ciki.

Ya ja ni bayan danga. Bai ɗaga murya ba.

"A ina ka samo wannan?"

"A Takieta, Yaya. Ni na gyara ta."

"Ita ce ta dawo mana da Baba daga likitar Mirya," ya ce. "Kai lokacin kana aiki can arewa, ka zo an riga an rufe shi. Ita ta dawo da matar liman. Ita ta dawo da ƴaƴan gidan can su biyu a shekarar sanƙarau. A wancan zamanin ba a kiranta sai abu ya yi tsanani, kuma in ta shigo gari da kanta, ba a kira ta ba, to gawa ce. Garin nan babu tsohon da bai san kukanta ba. Fenti ka sake mata, ba ka sake mata murya ba."

Na tsaya da makulli a hannu. Na san ta likita ce, ni na goge alamar, ni na cire ƙugiyoyin. Abin da ban taɓa tambaya ba duk tsawon shekarun nan shi ne yadda aka dawo da mahaifina gida. Na zo an yi jana'iza, na karɓi gaisuwa, na koma aiki. Ga shi na shafe damina biyu ina wanke wurin da aka kwantar da shi, na shigo da ita gari ina danna oda.

Na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin ƙofa. Ta riga ta ɗaura kallabi. Na so in ba ta haƙuri, amma ta riga ni. Ita ce ta fara magana, ta tambaye ni ko na ci abinci, ta tambayi jikokinta. Daga nan ta ce, "An ce kai ka gyara ta da hannunka. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na yi niyyar in sauke kayan in koma tun rana ba ta yi sanyi ba. Ina cikin saukewa sai ga Baffa, ƙanin mahaifinmu, yana tafe da sandarsa. Ya ce matar ɗansa tana naƙuda tun jiya, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, suna ɗaura wa sa amalanke ne suka ji motar. Ya tambaya ko zan taimaka.

Abin da ya fara zuwa mini a rai jar fatar kujeruna ce. Bai wuce numfashi ɗaya ba, amma idona ya kai kansu kafin bakina ya amsa, kuma Yaya yana tsaye ya gani. Ya juya ya shiga gida ya ɗauko tabarma.

Aka shimfiɗa ta a ƙasa tsakanin bencin biyu, aka kwantar da mai naƙudar a kai. Da yake na cire ƙarafunan da ke riƙe gado, duk ramin da muka faɗa sai ta zame, surukarta da wata tsohuwa suna tare ta da gwiwoyinsu. Mijinta yana gaba kusa da ni, ya riƙe ƙofa har muka isa. Ban taɓa tuƙi da tsoro irin na ranar ba, sabon direba ne ni. Motar dai ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

A Mirya aka shiga da ita. Muka zauna a inuwa har aka fito aka ce ta sauka, mace aka samu, uwa da ɗiya suna lafiya. Mijin ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya. Ina amsawa ina kallon ƙasa. Da na je rufe ƙofar baya na ga jini ya taɓa gefen benci ɗaya, na tsaya ina dubawa ko zai fita, sai na kama kaina ina yin haka, na rufe ƙofar.

Ranar suna Baffa ya tashi a gaban jama'a ya ce Allah ne ya turo ni da motar a daidai lokacin. Mutane suka yi ta miƙo mini hannu. Yaya yana gefe yana raba goro, bai ɗago ba.

Da na koma Zinder na ce wa makaniken ya sake mata bututun hayaƙi, ko muryar za ta canja. Ya sake. Ta ɗan yi laushi, amma tarin da fiton suna nan. Yaya ya ce har yanzu tun daga bayan tudu ake gane ta. Saboda haka in za ni gida sai in kira shi tukuna ya gaya wa Inna, in na iso kuma in ajiye ta a gindin wani gawo a wajen gari in ƙarasa da ƙafa. Na sa an mayar da ƙarafunan ƙasan, waɗanda sai da muka tone tarin tarkacen gareji kafin muka same su. Ana kirana daga ƙauyen wani lokaci, ina zuwa in ba ni da aji.

Inna ba ta taɓa shigarta ba. In za ta zo Zinder ganin likitan ido, amalanke ke kai ta bakin hanya, ta hau motar haya, ni kuma in jira ta a tasha. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce mata, "Inna, da kin bari na zo na ɗauke ki, tafiyar nan tana ba ki wuya."

Ta gyara ƙullin kayanta a cinya ta ce, "Bar ta ta kai masu sauri. Ni ba sauri nake ba."

Na ɗauki kayan, na tsayar mana da adaidaita, muka nufi Birni tana ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya sayar da gona.