Kalmar sirrin malamar lissafi

A shekarar da na dawo Minna daga bautar ƙasa, wata makarantar kuɗi a Maitumbi ta ba ni aikin gina shafin intanet da malamai za su riƙa shigar da makin jarrabawa. Na haɗa shafin da rumbun bayanai, na buɗe wa kowane malami asusu. Abu ɗaya na tsallake. Ƙa'ida ita ce a rikita kalmomin sirri kafin a adana su, yadda ko mai ginin ba zai iya karantawa ba. Ana ta matsa mini lamba in gama aikin, sai na ce zan gyara daga baya. Amma a taron malamai na miƙe na tabbatar musu babu mai ganin abin da suka rubuta, har ni.

Wata Laraba bayan azahar, malamar lissafi, dattijuwa 'yar kudancin Kaduna, ta same ni a ɗakin kwamfuta.

"Ɗana, abin nan naka ya ƙi ni tun safe."

Na buɗe rumbun ina duba layinta. Ga kalmarta a fili: sunan mace, sai "dawogida" a manne. Bakina ya riga tunanina.

"Mama, harafin farko na sunan babba ne. Shi kika manta."

Ta juyo ta kalle ni.

"Ashe kana gani."

Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu. Ta ce sunan 'yarta ce, wadda ta bar gida bayan sun yi faɗa, yau shekara uku ko waya ba ta yi. Ko a coci cewa take yarinyar tana karatu a Jos. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

A ƙarshen makon na gyara komai, na sa kowa ya canza kalmarsa. Na rubuta musu wai an ƙara tsaro ne. Ban faɗa wa kowa cewa na karanta nasu duka ba, tun makon farko, don son gani kawai.

Ba ta kai ƙarata ba. Muna gaisawa a bakin get har na bar aikin, amma daga ranar a takarda take rubuta makinta, wata malama ta shigar mata. Na yi niyyar ba ta haƙuri sau da yawa, ban yi ba.