Inuwar Katakon Baba

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi kaina gudu, har na yi furfura bai rage ba. Wannan karon ma shi ya jawo mini.

A kakar da na gudu daga aji uku, majami'armu ta wajen Madakiya tana neman katakon rufi, Baba kuwa shi ne kafinta. Wata safiya, kafin in tafi korar tsuntsaye a gonar acca, na ga ya kafa gwafa biyu a tsakar gida, ya gitta katakon maɗaci a kansu, inuwarsa ta faɗa a bangon ɗaki. Ya bi gefen inuwar da gawayi. Sai ya rataya dutsen niƙan Mama a tsakiya, katako ya lanƙwasa, inuwa ta sauka. Ya rera baiti ɗaya na waƙar coci, ba ƙari, don kada rana ta gusa, sannan ya sauke dutsen. In inuwa ta koma kan layinta, katako ya ci jarrabawa. "Wanda bai dawo ba, ba zan ɗora shi a kan mutane ba," in ji shi. Na taɓa goge layin da miyau na ja nawa. Sai da ya ƙi katako uku masu kyau kafin ya lura da baƙin yatsana. Kwana biyu a tsaye na ci tuwo.

Bara, Yohanna ɗan yayata, mai karatu a jami'a, ya zo shagona a Kafanchan. Ya ce su yanzu ɗigo-ɗigon baƙin fenti suke fesa wa katako, inji ya danna shi, kyamara tana ɗauka, kwamfuta ta faɗi yadda kowane ɗigo ya matsa da yadda ya komo. Maimakon in yi shiru, na ce, "Kakanka da bango ya yi wannan." Ya roƙe ni in nuna masa, ya yi alkawari sunan Baba zai shiga littafinsa. Na durƙusa, na zana, har waƙar na rera masa yana ɗauka.

Ranar da zai yi bayani gaban malamansa na je da sabuwar hula. Sai ga ni a allo, ƙato, ina waƙa da muryar kwaɗo, ɗaki ya ɗauki dariya. Ya ce wannan shi ne canki-cankar mutanen ƙauye da aikinsa ya zo ya kawar. Bai faɗa musu cewa katakon da inuwa ta zaɓa shi injinsu ya zaɓa ba.

Rufin nan har yau ana addu'a a ƙarƙashinsa. A da, in Baba ya gwada katako, mutane hula suke cirewa.

A bakin ƙofa na tambayi Yohanna ina sunan Baba. Ya gyara taye ya ce, "Haba Kawu, wa zai yarda da awon mutumin da bai san santimita ba?"