Mai Unguwa Rabo da Katangar Gidan Jaye

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Rabo a shekarar 1949 a garin Tibiri na ƙasar Gobir, cikin Unguwar Marke, wadda ke kan gangaren da ke fuskantar gulbi. Mahaifinsa shi ne Malam Ubaidullahi, manomi kuma mai unguwa, mahaifiyarsa kuwa Baturiya, mutuniyar Cadakori, wadda hasken fatarta ya jawo mata wannan laƙabi har sunanta na yanka ya ɓace. Shi ne na tsakiya a ɗakinsu, tsakanin yayarsa Tala da ƙanensa Safiyanu.

A shekarar 1953 wani makiyayi mai suna Jaye ya sauko daga arewa da iyalinsa da shanunsa, ya roƙi Malam Ubaidullahi wurin zama, aka ba shi aron filin da ke bayan gida. Bisa al'adar wurin, wanda aka ba aron fili ba ya dasa itace a cikinsa kuma ba ya gina katangar ƙasa, domin itace da katanga su ne shaidar mallaka. Bukkar kara da shingen ƙaya kawai aka yarje masa. Jaye ya karɓi sharaɗin, ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Shanunsa suna kwana a gonar gidan da rani suna ba ta taki, matarsa tana kawo nono, ɗansa Dikko kuma ya tashi tare da Rabo suna cin tuwo a akushi ɗaya.

Karatu

Rabo ya fara karatun allo a zauren mahaifinsa, kuma a shekarar 1957 aka sa shi lakol a nan Tibiri, inda ya kammala a 1963 da takardar shaidar firamare. Malamansa sun shaide shi da kaifin ƙwaƙwalwa, sun kuma shaide shi da taurin kai daidai gwargwadon ƙwaƙwalwar, domin idan ya faɗi magana, ko ta zame masa ƙaya a maƙogwaro, ba ya janye ta. Wannan hali bai bar shi ba har tsufa.

Aiki da Aure

A shekarar 1967 ya kama aikin awon gyaɗa a kasuwar Cadakori, ya yi ta har farin 1973 ya durƙusar da noman gyaɗa a ƙasar baki ɗaya. Daga nan ya zama malamin gona, aka kai shi Agye, sannan Gangara ta ƙasar Gazawa, inda ya shafe shekaru yana yawo ƙauyuka a kan keke.

A shekarar 1972 ya auri Hamdiya, 'yar wani mai saƙa a Sae Sabuwa, mace mai haƙuri wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ita kaɗai ya aura, kuma Allah ya azurta su da 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu suna ƙanana.

Komawa Gida da Sarautar Unguwa

Malam Ubaidullahi ya rasu a shekarar 1984, Rabo ya bar aiki ya dawo Tibiri, aka naɗa shi a gurbin mahaifinsa. Gadon da marigayin ya bari, wato gida da gona da filin baya, ba a raba shi ba. 'Yan'uwan uku suka bar shi a dunƙule kamar yadda manyan gidaje suka saba, suna ganin rabo a matsayin alamar ɓaraka.

Jaye ya rasu a 1991, Dikko ya zama babba a gidansu. A shekarar 1995, bayan wata gobara ta cinye musu bukkoki biyu, Dikko ya nemi izinin gina ɗaki guda na ƙasa domin tsohuwarsa. Rabo ya hana, duk da abotar da ke tsakaninsu, kuma waɗanda suka halarta sun ruwaito cewa abin da ya ce shi ne: "Dikko, abin da tsohonmu bai yi ba, ni ba ni soma shi." Dikko bai yi musu ba, ya koma ya sake kafa bukka.

Gyaran Unguwa

Daminar 2020 ta zo da ruwa mai yawa, kuma Unguwar Marke, da yake lungunanta ƙunci gare su kuma babu magudana, ta sha wuya fiye da kowace unguwa a garin. Ɗakuna masu yawa suka zube, mutane suka koma kwana a azuzuwan lakol. A farkon 2021 wata ƙungiyar raya garuruwa ta zo da shirin sabunta unguwar: a faɗaɗa hanyoyi, a haƙa magudanun ruwa, a sake yanka wurin fegi-fegi, a taimaka wa kowane magidanci da ginin bulo da siminti. Aka kafa kwamiti na mutanen unguwa, aka ɗora Malam Rabo a kansa, yana da shekara saba'in da biyu.

Labarin bai gama bazuwa ba sai ga baƙin fuskoki suna kafa rumfunan kara a kowane kango, kowa yana rantsuwa cewa kakansa a nan aka binne cibiyarsa. Domin a toshe wannan ƙofa, Malam Rabo da bakinsa ya kawo shawara a gaban taro cewa mai katanga shi ke da fegi, ko tana tsaye ko ta zube an ga tushenta, wanda ba shi da ita kuwa ya kwashe karansa ya ba da wuri. Jama'a ta yi na'am, ƙungiya ta amince, aka sanya bayan girbi a matsayin lokacin da masu awo za su zagaya. A duk wanda ya zauna taron nan babu wanda ya tuna da gidan Jaye, har shi mai shawarar, saboda sun daɗe suna ganinsu a matsayin wani sashe na gidan mai unguwa.

Dikko ne ya tuna musu. Ya zo zaure da rana tsaka, ya zauna a ƙasa, ya ce: "Yaya Rabo, mu da munka kiyaye maganar gidanga, mu za mu tashi?" A lokacin gidan nasa ya haura mutum ashirin, da jikoki a lakol, kuma ba su san wani gari ba bayan Tibiri. Biyayyar da suka yi kusan shekara saba'in ita ce ta bar su babu ko tubali ɗaya da za su nuna. 

Rikicin Katanga

Malam Rabo ya fara neman kwamiti ya keɓe gidan Jaye daga dokar katangar, kwamiti ya ƙi, da hujjar cewa in aka buɗe wa mutum ɗaya, masu rumfuna duka za su shigo ta nan, kuma suka tunatar da shi wanda ya kawo dokar. Ya kasa musanta su. Sai ya ɗauki hanyar da ta rage: a watan Satumba na 2021 ya sa aka kwaɓa ƙasa, ya aza tubalin farko da hannunsa a bakin filin da gidan Jaye yake, Dikko da ɗansa Kamal suka ci gaba da gini.

Katangar ba ta kai ƙugu ba Safiyanu ya kai ƙara gaban liman da dattawan unguwa. Ba za a ce ba shi da hujja ba. Filin na magada uku ne, shi yana da 'ya'ya maza da yawa da suka isa aure, kuma fegin da za a yanka a wurin zai fuskanci sabuwar hanya. Abin da ya faɗa wa yayansa a gaban dattawa shi ne: "Yaya, in za ka yi kyauta, yi da naka." Tala, wadda tsufa ya hana ta fita, ta aiko cewa tana bayan Safiyanu. Dattawa suka yanke hukunci cewa ba ya halatta magaji ɗaya ya bayar da abin da ba a raba ba, aka umarci a rushe ginin, 'ya'yan Safiyanu suka rushe shi Dikko yana tsaye yana kallo.

Unguwa ta dare biyu. Samarin ɓangarorin biyu suka fara yawo da sanduna, aka daina karɓar nonon gidan Jaye a wasu gidaje, wani kuma ya buɗe shingen shanu suka shiga gero, saura kaɗan a zubar da jini. Ana cikin haka aka fara yankan gero, kowa ya san masu awo suna tafe. Dikko ya tura Kamal wajen Cadakori ya nemo musu inda za su sauka.

A watan Oktoba Malam Rabo ya nemi abin da gidansu ya guje wa tun 1984, wato a raba gado. Shari'a ta ba kowane magaji wannan haƙƙi, don haka babu mai ikon hana shi. Da aka kimanta dukiyar, aka ba shi zaɓi a matsayinsa na babban namiji, kowa yana jiran ya ɗauki sashen da zauren mahaifinsa yake. Ya ce: "A ba ni makwantar shanu, ita nika so." Yana nufin filin baya, inda gidan Jaye yake. Liman ya maimaita masa cewa in ya ɗauki filin da kasonsa na gona, ba shi da sauran rabo a cikin gida, ya ce ya ji. A zaman nan, yana cikin hankalinsa da lafiyarsa, ya mallaka wa Dikko filin kyauta a gaban shaidu. Babban ɗansa Ayuba ya tashi ya bar wurin.

Aka sake kwaɓa ƙasa, kuma da masu awo suka iso a watan Nuwamba sun tarar da katanga ɗanya amma a tsaye, suka kafa turakunsu, suka yanka fegin da sunan Dikko ɗan Jaye.

Shekarun Ƙarshe

Dokar da ta tsirar da unguwa daga masu rumfuna ta hau kan mai ita, domin yanzu shi ne marar katanga. Safiyanu bai kore shi ba, amma bai ce ya zauna ba, shi kuwa ba mutumin da zai jira a ce masa ba ne. Dikko ya yi ta roƙonsa ya karɓi rabin fegin, ya ƙi, yana cewa abin da aka bayar an bayar. A farkon 2022 ya kwashe iyalinsa zuwa wani gidan haya kusa da tasha, ya kuma ajiye rawani, tun da ba a yin mai unguwa daga wata unguwa. Aka naɗa Safiyanu. Hamdiya, ranar da suke ɗaure kaya, ta ce masa: "Malam, ka gyara wa kowa wurin kwana, ka manta da tabarmata." Ta bi shi duk da haka, kuma ba ta daina faɗin maganar ba.

Ya ci gaba da zuwa kallon aikin kusan kullum, yana dogara sanda, yana yi wa masu haƙa magudana faɗa kamar har yanzu shi ke da iko. Aikin ya kammala a 2023, damina ta zo ta wuce babu ɗakin da ya faɗi. Shi da Safiyanu suna haɗuwa a masallacin Juma'a, su gaisa kamar baƙi. Wannan ya dame shi ƙwarai, kuma na kusa da shi sun ce bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa bai yi ba.

Rasuwa

Malam Rabo ya rasu a watan Maris na 2024, cikin azumin Ramadan, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da biyar. Gidan hayar ba shi da wurin da za a yi masa sutura, sai Safiyanu ya aiko cewa a kawo shi zauren mahaifinsu, Dikko ma ya zo da kansa yana kuka yana neman a kai shi gidansa. Aka bar wa Ayuba hukunci, shi da ya yi shekara biyu ba ya taka ko ɗaya daga gidajen. Ya ce a yi wanka a gidan Dikko, a yi salla a kan sabuwar hanyar da ta ratsa tsakanin gidajen biyu. Haka aka yi, Safiyanu da Dikko suka tsaya a sahu ɗaya, aka kai shi maƙabartar gabas aka binne.

Ya rasu ya bar matarsa Hamdiya da 'ya'ya biyar: Ayuba, direba a Maraɗi, A'isha, tana aure a Gidan Rumji, Rilwanu, malamin lakol a Gangara, Fati, tana aure a Sae Sabuwa, inda mahaifiyarsu ta koma wurinta, da Abdurrahaman, tela a bakin tashar Tibiri. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke da fegi a Unguwar Marke. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci.